Kwandalar da Muka Tono a Gonar Tsoho Walta

Tun da muka dawo daga ƙauyen nan na jihar Pennsylvania ban sami sakewa ba. A ƙofar masallaci bayan Juma'a, a cikin jirgin ƙasa mai lamba shida, har a shagon da nake sayen gari a unguwar Parkchester, sai an tare ni da tambaya. Wasu sun ji wai mun tono tukunyar zinariya mun ɓoye. Wasu sun ji wai an kore mu da kare. Na gaji da maimaita magana ga mutanen da ke saurare da rabin kunne, saboda haka na zauna na rubuta abin da ya faru sau ɗaya. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da rajistar takardu a wani ofishin jakadanci a Manhattan, kuma abin da zan faɗa a nan daga littafin aljihuna na ɗauko shi.

Wanda ya ja ni tafiyar shi ne aminina Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi, mazaunin unguwar Mount Hope a nan Bronx, wanda sana'arsa tuƙa motar kai tsofaffi asibiti. Wani tsoho daga cikin waɗanda yake ɗauka ne ya cusa masa sha'awar neman tsoffin kwandaloli a ƙarƙashin ƙasa. Alhaji ya sayi na'urar gano ƙarfe, wata sanda mai faifai a ƙasa da ke yin ƙara idan ta bi ta kan ƙarfe, ya shekara biyu yana yawo da ita a filayen wasa da bakin teku. Abin da ya tara bai wuce marafan kwalba da makullan da ba su da ƙofa ba. Ya ce mini kayan kirki suna tsoffin gonaki, kuma gonakin suna hannun wata ƙungiya da ba ta karɓar mutum sai ya bi ta fita ɗaya ta gwaji, sannan a jefa ƙuri'a a kansa. Shekara biyu yana roƙo suna ja masa rai, sun dai sa shi a zauren hirarsu na waya yana kallon hotuna. A ƙarshen kakar bana suka ce ya zo, da sharaɗin ya kawo rubutaccen bayanin duk abin da ya tono.

"Malam Rajista," in ji shi, don haka yake kirana, "weekend ɗin nan kai ne sakatarena."

Na ce, "Alhaji, da furfurarka da Hajjinka biyu za ka tafi tonon ƙasa neman kwabon da wani ya yar?"

"Ei, Malam! Ba kwabo ba ne, history ne. Kai ma ai tsoffin takardu kake gadi, har albashi ana ba ka."

Ban ga hikimar abin ba, har yau ma ban gani ba. Sai dai lokacin da aka yi wa maiɗakina aiki a ƙafa, mutumin nan ya yi wata guda yana kai ta asibiti yana dawo da ita, bai taɓa nuna gajiya ba. Irin wannan mutum ba a ce masa a'a saboda kwana ɗaya a ƙauye.

Mun tashi bayan sallar Juma'a. Awa guda muka yi kafin mu haye gadar da ta fitar da mu daga birni, Alhaji yana ta gardama da muryar matar da ke nuna hanya a wayarsa. "Matar nan bai san hanya ba," yake cewa da Hausarsa ta zango, sai ya karya inda ta hana, mu ɓata, ya dawo ya bi abin da ta faɗa tun farko ba tare da ya ba ta haƙuri ba. Mun ƙetare iyakar jiha biyu, kuma a kowace iyaka abin da muka tarar allo ne kawai mai cewa barka da zuwa. Babu shinge, babu mai leƙa but ɗin mota, babu mai tambayar abin da ka kawo wa yara. Alhaji ya rage gudu da kansa don sabo, har ya kai hannu aljihu neman takarda. Wannan kam na yaba musu, kuma shi ne kusan abu na ƙarshe da na yaba.

Masaukin da ƙungiyar ta zaɓa dogon gini ne a bakin titi, ɗakuna a jere kamar shagunan kasuwa. Ɗakinmu yana warin tabar mutanen da suka riga mu da shekaru. Tagar ba ta buɗuwa, famfon ba ya rufuwa, ba a maganar buta. Mai masaukin ya dubi kaftanina da hulata ya tambaye mu ko farautar barewa muka zo. Da Alhaji ya nuna masa na'urar, sai ya ce, "Oho, ku ma," da muryar wanda ya saba ganin marasa lafiya iri ɗaya.

Gidan abincin garin ɗaya ne. Na karanta takardar abincinsu daga sama har ƙasa kamar yadda nake karanta wasiƙar ofis, na tarar alade ya shiga ko'ina, har cikin wake, har cikin ganye. Matar da ke kawo abinci, wadda ta kusa sa'ar yayata, tana kiran kowa da irin sunan da a wurinmu miji ba ya kiran matarsa da shi a gaban mutane. Muka ci dafaffen ƙwai da burodi, muka koma ɗaki muka buɗe dambun naman da Hajiyar Alhaji ta ɗaure mana. Allah Ya saka mata.

Da safe muka haɗu da 'yan ƙungiyar a ƙofar gonar. Su tara ne, babu wanda bai haura hamsin ba, kowa da rigar aljihu goma, da abin ɗaure gwiwa, da ƙaramin shebur a kugu kamar takobi. Ka ce yaƙi za su. Shugabansu, Mista Rik, tsohon dillalin inshora, ya hau bayan motarsa ya yi mana huɗuba a kan mutunci. Ya ce su ba ɓarayin ƙasa ba ne, masu ceton tarihi ne. Ya kafa doka uku, na rubuta su: ka cike ramin da ka tona, ka kwashe tarkacen da ka fitar, kada kowa ya je gidan mai gonar, shi kaɗai ke magana da tsohon.

Biyun farko ban da ja. Ta ukun ce ta tsaya mini a wuya. Ga gidan can a kan tudu, hayaƙi yana fita, mai gida yana ciki, mu kuma mu shiga gonarsa mu yini muna tona ba sallama? Na dubi Alhaji, na ga shi ma abin bai kwanta masa ba.

"Malam, wannan ba tarbiyya ba ne," in ji shi. "Hajiya ma ya ba ni dabino in kai wa mai gida. In koma da shi in ce mene?"

Muka ɗauka cewa dokar don kada a dami tsoho da roƙe-roƙe ne, gaisuwa kuwa ba ta cikin damu. Da jama'a suka watsu cikin karan masarar da aka girbe, muka hau tudun.

Mai gonar, Walta, ya haura tamanin, dogo ne ramamme, shi kaɗai a gidan da wani tsohon kare da ya ɗaga kai ya dube mu ya mayar. Alhaji ya rusuna ya ce, "Baba, mun zo gaisuwa ne," ya miƙa dabinon da hannu biyu. Tsohon ya daɗe yana juya ƙunshin. Ya ce shekara biyar ke nan mutanen nan suna zuwa gonarsa, ban da Rik babu wanda ya taɓa taka barandarsa. Ya zaunar da mu, ya dafa mana gahawa, ya yanka tuffa, ya tambayi sunayenmu ya maimaita har ya iya.

Sannan ya jawo wani bokiti daga ƙarƙashin benci. Ya ce yarjejeniyarsa da ƙungiyar ita ce duk abin da aka tono a baje masa a tebur da yamma, ya zaɓi abin da yake so, sauran nasu ne. Bokitin nan shi ne zaɓinsa na shekara biyar: ƙusoshi, ƙarafan kofaton doki, maɓallai, da kwabo biyu na jan ƙarfe da suka goge. Ya ce kakan kakansa ya riƙe masaukin matafiya a ƙasan gonar, zamanin keken doki, shi ya sa ya yarda a tona, ko a sami abu ɗaya na kirki da zai bar wa jikarsa. Ya yi dariya ya ce, "Da alama baƙin kakana ba a taɓa samun mai hujajjen aljihu a cikinsu ba."

Alhaji bai yi dariya ba. Da muna saukowa na tambaye shi dalili. Ya ciro waya ya nuna mini hotunan da ake sakawa a zauren ƙungiyar: kwandalolin azurfa a tafin hannun mutane daban-daban, a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta harafin farko na sunan tsohon.

"Wataƙila wata gonar ce," in ji shi, bai dube ni ba.

Na ce, "Wataƙila."

Aikin kansa ba shi da abin ba da labari, amma tun da an tambaya, ga shi. Mutum ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya sunkuyar da kai, ya riƙa shara da sanda hagu da dama kamar wanda ya yar da allura. Na'ura ta yi ƙara, ya durƙusa, ya yanka ƙasa, ya tona, ya fito da marfin gwangwani, ya dube shi da natsuwa, ya sa a jaka. Haka dattawa tara suka yini, a ƙasar da ake biyan mutum don ya huta. A garinmu wanda aka gani yana haka a gonar mutane, danginsa za a nema.

Alhaji ya yi rabin awa yana bin wata ƙara da ke gudunsa. Duk inda ya taka tana nan, ya tona babu komai. Ya yi rami shida kafin wata mata a cikinsu ta zo ta nuna masa takalminsa na aiki, mai ƙarfe a baki. Ya cire ya ci gaba da silifas ɗin alwala. Ni kuma, ina neman inda zan jingina in yi rubutu, na dafa wata siririyar waya da ta kewaye makiyayar shanu. Ba wanda ya gaya mini akwai lantarki a cikinta. Abin da na furta a lokacin ban shigar da shi littafi ba. Zuwa azahar na rubuta abu goma sha uku, kowanne da lokacinsa da wurinsa da zurfinsa: ƙusa bakwai, marfi uku, cokali mara kai, ƙarfen linzami, da wani abu da har yau ba a san ko mene ne ba.

Muka yi salla a gefen wasu duwatsu da suka rage daga harsashin tsohon gini, shanu suna kallonmu ta bayan wayarsu. Da muka sallame, Alhaji ya kunna na'ura a nan inda ya ɗauke dardumarsa, sai ta yi wata siririyar ƙara da ba ta yi ba duk yinin. Ya tona kamar taƙi ɗaya. Abin da ya fito baƙi ne, amma da ya zuba masa ruwa sai fari ya bayyana, ga kan wani sarki mai dogon hanci. Na rubuta: lamba goma sha huɗu, kwandala, da alamar azurfa, gefen harsashin dutse.

"Malam," in ji Alhaji, "shekara biyu. Shekara biyu, Malam!"

Mista Rik ya iso da sauri. Ya karɓa, ya duba da gilashi, ya ce kuɗin ƙasar Sifen ne da aka yi ciniki da su a nan kafin ƙasar ta kafu sosai, sun haura shekara ɗari biyu, kuma a bana babu wanda ya sami kamarta. Ya dafa kafaɗar Alhaji. Sannan ya rage murya ya ce ya sa ta a aljihu.

Alhaji ya ce, "Ba za a kai tebur ba?"

"Tebur don tarkacen ƙarfe ne," in ji Rik. "In tsohon ya ga azurfa, 'ya'yansa za su ji, su zo da lauya, a rufe mana gonar. Shi bai san darajarta ba, a bokiti za ta ƙare. Kowa a nan ya fahimci haka. Da yamma za mu jefa ƙuri'arka, kuma ina ganin ka dace da mu."

Mutumin da ya hau mota da safe ya yi mana huɗubar mutunci ke nan. Sai idonsa ya faɗa kan littafina. Ya ce in soke layin ƙarshe. Na gaya masa da Turancin da ba ya buƙatar fassara cewa ban taɓa soke abin da ya faru ba don wani ya fi son a ce bai faru ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wa Alhaji, "Ka yi magana da abokinka," ya tafi.

"Malam Hashimu," in ji Alhaji. Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Layi ɗaya ne. Don Allah."

Na ce, "Alhaji, mun sha gahawar mutumin nan. Ka kira shi Baba da bakinka. Ni ba zan tashi in yi shela ba, abin a hannunka yake. Amma ba zan soke ba, kuma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

"Wa zai tambaye ka? Shekara biyar ba wanda ya tambayi kowa."

Ya naɗe kwandalar a takarda, ya tura ta cikin naɗin hularsa, ya mayar da hular. Daga nan har la'asar bai ƙara tona rami ba, yana ta shara da sanda a wuri ɗaya.

Da yamma aka kafa tebur a gaban barandar. Kowa ya zazzage jakarsa: tsatsa a kan tsatsa. Mutanen da na ga suna rawar murna a ɓoye a bayan itatuwa da rana, yanzu duk sun sa fuskar ta'aziyya suna cewa yau ƙasa ta hana. Tsoho Walta ya sauko da sandarsa, ya bi teburin, ya ɗauki wani maɓalli ya ce ya gode. Har an fara kwashewa sai ya hango mu a ƙarshen layi, fuskarsa ta washe.

"Baƙina na safe," in ji shi. "Hashimu, ina kallonka ta taga, duk yini kana rubutu. Ba a taɓa rubuta gonata ba. Karanta mini in ji."

Da ba mu je gaisuwa ba, da bai san sunana ba, balle ya kira ni. Na buɗe littafin. Na karanta daga lamba ɗaya, a hankali, da lokaci da zurfi, yana gyaɗa kai, har ya yi dariya a kan cokalin. Ban taɓa jin lambobi sun yi saurin ƙarewa kamar ranar ba. Na karanta goma sha biyu. Na karanta goma sha uku. Na ja numfashi, idona yana kan layin da ke biye.

"Number fourteen, Baba," in ji Alhaji.

Ya riga ya cire hular. Ya warware takardar, ya zagaya teburin da silifas ɗinsa, ya sa kwandalar a tafin hannun tsohon, ya gaya masa inda ta fito. Tsohon ya kai ta kusa da ido ya daɗe. Sannan ya dubi Rik ya ce, "Wannan ce ta farko a shekara biyar?"

Rik ya ce sa'ar sabon shiga ce, haka abin yake wani lokaci. Tsohon ya juya ga 'yan ƙungiyar. Ya bi sauran takwas ɗin da kallo ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu babu wanda ya iya ɗaga kai, har matar da ta nuna wa Alhaji takalmi. Ya sa kwandalar a aljihun rigarsa ya maɓalle. Ya ce daga gobe ƙofar gonar a kulle take, ga kowa. Ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu ya ce jikarsa za ta ji sunansa, ya juya ya hau barandarsa.

Ƙuri'ar a bakin titi aka jefa ta, ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Ba wanda ya zo ya gaya mana sakamako. Motocinsu suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin mu hau kwalta wayar Alhaji ta nuna an cire shi daga zauren.

Muka yi awa biyu muna tafiya, Alhaji yana tuƙi. Ko da matar wayar bai yi gardama ba, duk inda ta ce nan ya bi. Sai da fitilun birni suka fara bayyana ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Da ban cire hular ba, da ka karanta?"

Na ce, "Da na karanta."

"Na sani. Shi ya sa na ɗauko ka, shi ya sa kuma ba zan ƙara ɗauko ka ba."

Muka hau gada, muka sauka cikin Bronx. A ƙofar gidanmu na buɗe mota zan fita, ya riƙe hannun kaftanina.

"A layin nan, ka sa sunana?"

Na buɗe na nuna masa: wanda ya tono, Alhaji Mumuni. Ya kunna fitilar cikin mota, ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa tun daga lambar har ƙarshe.

"To," in ji shi. "Ran Litinin in ka je ofis, ka yi min photocopy. Guda biyu. Ɗaya na Hajiya."